Haɗin lemu da attaruhu na jiƙa nama: a rufe a kwalba, a daskarar, ko a mayar gari?

Idan lemun tsami ya yi araha kuma attaruhu ya cika kasuwa, mai yawan gasa kaza ko kifi yakan so ya haɗa ruwan jiƙa nama da yawa a zama ɗaya ya ajiye, ya huta da matsa da jajjage kullum. Irin wannan haɗi sananne ne a ƙasashe da dama. A Kuba akwai mojo, wanda ake yi da lemu mai tsami da ɗaci, da tafarnuwa da mai. A Senegal akwai haɗin yassa na ruwan lemun tsami da albasa mai yawa da mustad. Namu na gida yakan ƙunshi lemun tsami, attaruhu, citta, tafarnuwa, albasa, dunƙulen magi da man gyaɗa. Haɗawa ba ta da wuya. Ajiyar ce ke buƙatar sani, kuma abu biyu ne ke yanke hukunci a kanta: yawan tsamin haɗin, da ko akwai mai a cikinsa.

Dalili kuwa shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Irinta, wato ƙwayar a lokacin da take kwance cikin kwanso mai tauri, yana cikin ƙasa, yana maƙale a jikin tafarnuwa da citta da albasa da barkono, kuma a sararin iska ba ya girma balle ya fitar da guba. Sai ya samu wuri mai laima, marar iska, marar tsami, mai ɗumi, sannan ya farka ya fara fitar da guba. Kwalbar da aka rufe gam aka ajiye a kicin ta cika waɗannan sharuɗɗa duka, in ban da tsami. Shi ya sa masu ilimin abinci suka ja layi a lamba 4.6 ta pH, wato ma'aunin tsami, wanda ƙaramar lamba a cikinsa ke nufin tsami mai yawa. Ƙasa da wannan lamba ƙwayar ba ta girma. Sama da ita kuwa, ruwan da ke tafasa a digiri 100 ba ya kashe irinta ko an daɗe ana tafasawa, sai zafin digiri 116 zuwa 121. Abin da ya fi muni shi ne gubar ba lalle ta canza ƙamshi ko launin abinci ba, don haka shinshinawa da ɗanɗanawa ba gwaji ba ne.

Kayan haɗin sun rabu gida biyu a kan wannan layi. Ruwan lemun tsami yana wajen pH 2 zuwa 2.4, ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 yana kusa da haka, ruwan lemun zaƙi yana tsakanin 3.3 da 4.2 gwargwadon nunarsa. A ɗaya gefen, tafarnuwa da citta da albasa duk sun haura 5, barkono ma yana sama da layin. A lura cewa ma'aunin pH ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya: pH 3 ya ninka pH 4 tsami sau goma. Saboda haka lemun zaƙi shi kaɗai ba ya iya ɗaukar nauyin tulin albasa da tafarnuwa, musamman wanda ya nuna sosai. Yaji kuma ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Mutane da yawa suna ɗauka zafin attaruhu na kashe ƙwayoyin cuta, alhali harshen mutum kawai yake ƙonawa.

Tafasa kwalba cikin ruwa

Wannan ita ce hanyar da ta dace da wanda ba ya da tabbacin wutar lantarki, domin kwalbar da ta rufu da kyau tana zama a ɗaki har shekara guda ba tare da firij ba. Amma tana da sharaɗi mai tsauri: haɗin da za a rufe dole ya zama mai ruwa-ruwa, mai tsami sosai, kuma babu mai ko ɗigo. Mai yana lulluɓe gutsattsarin tafarnuwa ya hana tsami shiga cikinsu, yana rage saurin ratsawar zafi, kuma idan ya taɓa bakin kwalba yakan hana robar murfi kamawa. A 1985 a birnin Bankuba na Kanada mutum 36 suka kamu da wannan guba daga yankakkiyar tafarnuwa da aka adana cikin mai ba a firij ba. Bayan wani aukuwar irin haka a jihar Niyok a 1989, hukumar abinci ta Amurka ta wajabta wa kamfanoni sanya sinadarin tsami a irin wannan kaya.

Mafita ita ce a raba haɗin. Ɓangaren tsami da yaji ya shiga kwalba, mai da albasa da magi su jira ranar gashi. Ga awon da ke ba da kwalba biyar masu cin mililita 250: ruwan lemun tsami mililita 500, wato lemu ashirin zuwa talatin gwargwadon girmansu da ruwansu, ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 mililita 250, ruwan lemun zaƙi mililita 500, attaruhu giram 80, citta giram 30, tafarnuwa giram 30, gishiri giram 40, sukari giram 60. A duba jikin kwalbar khal ɗin a ga an rubuta kashi 5, domin akwai mai rauni a kasuwa. Amfaninsa a nan shi ne ƙarfinsa sananne ne, shi kuwa lemun da aka matse a gida tsaminsa na bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Ana iya rage attaruhu ko tafarnuwa, ana iya ƙara busasshen kayan ƙamshi kaɗan kamar masoro ko kanumfari. Abin da ba a taɓawa shi ne a rage ruwan tsami ko a ƙara ɗanyen kayan lambu.

A wanke komai, a cire 'ya'yan lemu kafin su shiga bilenda, a markaɗa attaruhu da citta da tafarnuwa da ruwan khal ɗin su yi laushi lilis. A juye duka a tukunyar sitil. Tukunyar alminiyam ba ta dace ba, tsami na cin ta, haɗin ya yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. A bari ya tafasa, a rage wuta, a rufe ya yi minti 10, sannan a tace da rariya mai ƙananan ƙofofi. Tacewar na da amfani biyu: ruwa tsinkakke ya fi saurin ɗaukar zafi har tsakiyar kwalba, kuma ba a bar wani gutsure da cikinsa bai sha tsami ba. Kada a ɗaure shi da fulawa ko sitaci.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi kama da na kicin ɗinmu. Idan miya ta yi tsami, hannu yakan kai ga kanwa, ko bakin soda. A wannan haɗi yin haka daidai yake da cire kariyar gaba ɗaya, domin kanwa tana kashe tsamin ne da gaske, ta ɗaga pH. Idan tsamin ya yi wa baki yawa, sukari ake ƙarawa: yana ɓoye tsami a harshe amma bai taɓa pH ba. Daddawa ma tana ɗaga pH, garin ƙuli-ƙuli kuma yana ɗauke da mai, don haka su ma sai ranar gashi.

Wanda zai riƙa yin wannan aiki a kai a kai, ballantana mai niyyar sayarwa, ya sayi na'urar auna pH ta hannu. A daidaita ta da ruwan gwaji na 4 da na 7 kafin amfani, a ɗebi cokali biyu na haɗin a bari ya huce, sannan a auna. A nemi 4.0 ko ƙasa, don a bar tazara tsakani da 4.6, kuma awon da ke sama ya kamata ya sauka ƙasa da haka sosai. Idan an samu lamba mai tsawo, a zargi khal ɗin ko na'urar kafin a ci gaba. Takardar gwaji mai canza launi ba ta da daɗin aiki a nan, jan attaruhu yana rina ta.

Kwalbar da aka yi domin wannan aiki ita ce mai murfi kashi biyu, faifan ƙarfe mai roba a gefe da zoben da ke riƙe shi, irin wadda ta samo suna daga John Landis Mason da ya yi rajistar ƙirar kwalbarsa a 1858. Kwalbar ana maimaita ta shekaru, faifan kuwa sau ɗaya ake amfani da shi. Kwalaben mayonis da na jam da ake tarawa a gida sun fi saurin fashewa, kuma tsohon murfinsu robarsa ta riga ta lotsa. Idan su ne a hannu, sai da sabon murfi daidai bakinsu. Gorar roba ta zoɓo da kunun aya ba ta shiga wannan aiki sam.

A wanke kwalabe, a shafa bakinsu da yatsa a ji ko akwai tsaga, a bar su cikin ruwan zafi har lokacin cikawa. A zuba haɗin da zafinsa ta mazurari, a bar sarari na santimita ɗaya da 'yan kai a sama. A zagaya cikin kwalbar da siririn tsinken katako don kumfa ta fita, a goge baki da tsumma mai tsabta, a ɗora murfi a murɗa da yatsu har ya tsaya, ba da ƙarfin damtse ba. Dole iska ta samu hanyar fita lokacin tafasa, fitarta ce ke sa murfin ya tsotsu ciki idan kwalba ta huce. A shimfiɗa raga ko ninkakken tawul a gindin tukunya mai zurfi don kada gilashi ya zauna kan ƙarfe kai tsaye, a jera kwalabe a tsaye, ruwa ya shanye kansu da santimita uku zuwa biyar. A rufe tukunya. Ba a fara ƙirga lokaci sai ruwa ya tafasa sosai yana juyawa, kuma idan gas ya ƙare ko wuta ta yi sanyi tafasar ta tsaya, a sake ƙirgawa daga farko.

Lokacin ya danganta da tudun gari, saboda ruwa na tafasa da ƙarancin zafi a wuri mai tsawo. A garuruwan da ba su kai mita 300 sama da teku ba, kamar Legas da Akara da Yamai, minti 15. Daga mita 300 zuwa 900, inda Kano da Kaduna da Damagaram suke, minti 20. A Jos, mai tsawon wajen mita 1,200 inda ruwa ke tafasa a kusan digiri 96, minti 25. Idan lokaci ya cika a kashe wuta, a buɗe tukunya, a bar kwalabe minti 5 a ciki. Wanda ya yi gaggawar tsamo su yakan ga haɗin yana tsartuwa ta ƙarƙashin murfi, kwalba ta ragu, baki ya ɓaci. A fito da su a tsaye, a ɗora kan tawul nesa da fanka, kada a kife su, kada a ƙara murɗa murfi, a bar su awa 12 zuwa 24.

Washegari a danna tsakiyar murfi. Idan ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama. Idan ya yi ƙas-ƙas yana sama da ƙasa, bai kama ba: a sa wannan kwalba a firij a fara da ita, ko a sake dafa haɗin a rufe da sabon murfi kafin awa 24 ta wuce. Yawancin rashin kamawa daga baki marar tsabta ne, ko cikawa fal, ko tsohon murfi. Fashewa kuma daga haɗa gilashi mai sanyi da ruwa mai tafasa take. Dabarar nan ta zuba haɗi da zafinsa a rufe kawai ba tare da an tafasa kwalbar ba takan sa murfi ya tsotsu, sai mutum ya ɗauka ya gama, amma fumfuna da yis da suka shiga lokacin zubawa suna nan. Fumfuna kuwa tana cin tsami, ta ɗaga pH a hankali har ta buɗe wa babbar ƙwayar ƙofa.

Wannan hanya tana da farashinta a baki. Lemun da ya sha wuta minti talatin ko fiye ba ya ƙamshin wanda aka matse yanzu, kuma akwai wani sinadari mai ɗaci a lemu, limonin, da zafi ke gaggauta fitowarsa, musamman idan 'ya'ya ko farin ɓargon ɓawo sun shiga. A matse lemu da sauƙi, kada a murje shi har ɓawo. Ranar gashi a kankare koren bayan lemun tsami ɗaya a zuba, ƙamshin zai dawo. Zafin ɗaki ma abin dubawa ne. Kayan kwalba sun fi son digiri 10 zuwa 21, kuma ba a so su zauna inda ya haura 35. A watannin Maris zuwa Mayu, kicin mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri yana wuce haka. A nemi ɗaki mafi sanyi da duhu, kusa da ƙasa, kuma a yi niyyar cinyewa cikin wata shida maimakon a jira shekara.

Tukunyar firesha

Tana kai zafi digiri 116 a matsi fam 10, ko fam 15 ga wadda ake ɗora wa nauyi a kan bututun tururi idan garin ya haura mita 300, kuma ita kaɗai ce hanyar rufe nama da wake da kayan lambu marasa tsami. A Afrilun 2015 mutum 29 suka kamu da guba a garin Lancaster na jihar Ohayo bayan cin abincin taro, sanadin dankalin turawa da aka rufe ta tafasa cikin ruwa maimakon firesha. Sai dai ga wannan haɗi ba ta da riba. Idan haɗin mai tsami ne, ruwan tafasa ya wadatar, ƙarin zafin ɗaci kawai zai ƙara. Idan kuma an cika shi da mai da albasa, ba a ƙirƙirar lokacin firesha da ka, a ɗakin gwaji ake fitar da shi ga kowane irin abinci da girman kwalba. Ƙaramar tukunyar firesha ta dafa wake da ganda ma ba ita ake nufi ba. Ta rufe kwalba babba ce, mai ɗaukar aƙalla kwalba huɗu masu cin kusan lita ɗaya, kuma ana barin tururi ya fita minti 10 kafin a ɗora nauyi.

Firij da firiza

Ga wanda ɗanɗano ne gabansa, firiza ta fi duka. Ba a dafa komai, lemu yana nan da ƙamshinsa, kuma ana iya sa cikakken haɗin da mai da albasa da magi, domin a digiri 18 ƙasa da sifili babu ƙwayar da ke girma. A zuba a farantin ƙanƙara, idan ya daskare a juye dunƙulen cikin leda mai zif, a rubuta kwanan wata. Ko a auna kofi ɗaya a kowace leda, a kwantar da ita ta daskare a shimfiɗe, ta fi saurin narkewa. Wata uku zuwa shida yana da daɗinsa. Gishiri mai yawa yakan hana shi yin tauri sosai, wannan ba lalacewa ba ce.

Raunin firiza a wurinmu sananne ne. Wadda ta cika maƙil tana riƙe sanyi wajen awa 48 idan ba a buɗe ba, mai rabin kaya awa 24, firij kuwa awa 4 kacal. Sanyi ba ya kashe irin ƙwayar, dakatar da shi yake yi. Haɗin mai da tafarnuwa da ya narke ya ɗumama, wuta ta dawo ya sake daskarewa ba wanda ya sani, shi ne abin tsoro. Dabara mai sauƙi: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwabo a kai a bar shi a firiza. Ranar da aka tarar da kwabon a gindin kofi, kayan sun narke. Wanda ke da sola ko wuta tsayayya ya zaɓi firiza hankali kwance. Wanda wutarsa ke ɗaukewa kwana biyu a jere ya koma kwalba.

Firij na ajiyar 'yan kwanaki ne. Haɗi mai ɗanyar tafarnuwa da mai kada ya wuce kwana huɗu a digiri 4 ko ƙasa. Kwalbar da aka tafasa, da zarar an buɗe ta, ita ma firij take komawa, a ɗiba da cokali mai tsabta, a gama da ita cikin mako biyu zuwa uku. Shi ya sa ƙananan kwalabe suka fi lita guda dacewa.

Gari

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda masu tsire suka daɗe a kanta: a cire ruwa gaba ɗaya. A kankare bayan lemun tsami da na zaƙi ban da farin, a shanya a inuwa mai iska har ya riƙa karyewa, lokacin hunturu kwana biyu zuwa uku sun isa. A daka da busasshen barkono da busasshiyar citta da garin tafarnuwa da masoro da gishiri, a zuba a kwalba busasshiya. Ranar gashi a ɗebi cokali biyu, a matse lemun tsami huɗu ko biyar, a zuba mai cokali uku, ya isa kaza ɗaya. Idan ba lokacin lemu ba ne, sitirik asid, farin garin nan mai kama da sukari, yana maye gurbi: kwatan ƙaramin cokali yana daidai da babban cokali ɗaya na ruwan lemu wajen tsami. Inda babu ruwa ƙwayar gubar ba ta girma. Abokin gabar gari shi ne laimar damina, mai sa shi dunƙulewa da fumfuna. Wanda ya yi fumfuna a zubar, ba a sake shanya shi. Abin da gari ba ya bayarwa shi ne ƙamshin ɗanyen attaruhu, wanda busasshen barkono bai da shi.

Mai son bai wa 'yan'uwa tsaraba ko kai kaya tafiya mai nisa, kwalba ko gari ne nasa, firiza ba ta bin mota.

Ko ta wace hanya aka ajiye, tsamin da ke kare haɗin yana aiki a jikin nama ma. Kifi minti 20 zuwa 30 ya ishe shi, in ya wuce haka tsokar ta yi fari ta fara farfashewa. Kaza awa biyu zuwa huɗu, naman sa ko na rago har awa shida, duk a cikin firij, a kwanon gilashi ko leda. Ruwan da ɗanyen nama ya kwanta a ciki ba ya komawa kwalba. Idan ana son a shafa shi a kan gashi ko a yi romo da shi, sai an tafasa shi sosai tukuna.

Wasu canje-canje a kwalba ba su da illa. Haɗin yakan rabu, ja a ƙasa ruwa a sama, girgizawa ke gyara shi. Ragowar tafarnuwa takan koma shuɗi-kore a cikin tsami, launi ne kawai. Amma murfin da ya kumbura, ko haɗin da ke tsartuwa idan an buɗe, ko kumfa mai tasowa da kanta, ko fumfuna, ko wari, duk na zubarwa ne ba tare da an kai baki ba. A sa safar hannu, a nutsar da kwalbar da murfinta cikin ruwa a tafasa minti 30, sannan a binne ko a ƙulle a leda a jefar inda kaji da awaki da yara ba za su kai ba. Inda ya zube a jiƙa shi da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyar na minti 30 kafin a goge. Alamomin gubar sukan bayyana awa 12 zuwa 36 bayan ci: gani biyu-biyu, fatar ido na saukowa, magana na sarƙewa, haɗiya na wuya, galibi babu zazzaɓi. Wanda aka ga haka a jikinsa a garzaya da shi babban asibiti nan take, a tafi da ragowar kwalbar, domin maganin gubar yana tare wadda ba ta riga ta kama jijiyoyi ba ne kawai.